Rabin Baka a Ƙofar Ejvind

Ejvind Krogsgaard bai taɓa kama kifi ba, ko kwale-kwale ya shiga sai ya yi amai, amma in ka ji shi yana bayanin mashigin tekun nan namu na Limfjord sai ka rantse shi ya haƙa shi da hannunsa. Gidana yana kallon nasa, titi ne kawai tsakaninmu, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Garinmu hawa biyu ne. A kan tudu akwai coci da gidajen tsofaffin attajirai, a ƙasa bakin ruwa kuma masunta ne da warin kwalta. Zamanin da kifin sild yake shigowa har ruwa ya yi baƙi, kakannin Ejvind ne suke saye, su zuba gishiri, su cika ganguna su tura kudu. Sai wata shekara guguwa ta fasa rairayin da ya raba mu da babbar tekun yamma, ruwan gishiri ya kwararo, kifin ya ƙaura, arziki ya bi shi. Tun kafin a haifi kakana aka yi wannan. Duk masu cinikin kifin suka haƙura suka nemi wata sana'a, ban da gidan Krogsgaard, su dai suka ci gaba da ɗaga hanci a kan tukunyar da ba komai a cikinta.

Abin da Ejvind ya gada shi ne ɗan kantin ƙusa da fenti, da gida mai jan rufi wanda ya karkace gefe guda, sai kuma baki. Da rani yakan tara baƙin da suka zo yawon buɗe ido, ya sa su gaba da sandarsa, yana nuna musu rumbunan da ɓeraye suka gaje yana cewa duk na gidansu ne. In sun gangaro bakin ruwa sai ya rage murya, ya ce waɗannan su ne zuriyar masu ɗaukar wa kakanninsa kaya. A gaban idon mutanen yake faɗa, suna ɗinkin koma suna jinsa.

Matarsa Tove daga cikin zuriyar nan ta fito. Babu 'yar kan tudu da ta yarda ta aure shi, shi ya sa ya gangara, amma har yau cewa yake shi ya ɗago ta daga cikin ƙayar kifi. Ita take tsare kanti in ya tafi surutunsa, ita take goge cocin, ita take dafa kofi a gidan duk wanda aka yi wa rasuwa. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, kuma wannan haƙurin nata ya sha ba ni haushi fiye da girman kansa.

To, aurensu ya kusa cika shekara ashirin da biyar. A nan in hakan ta zo, maƙwabta ne suke tsinko rassan itacen Kirsimeti da yamma, su kitsa su, su kewaye ƙofar gidan da baka na ganye. Da asuba a zo da masu busa ƙaho a yi ta waƙa a ƙarƙashin taga, sai masu gida su buɗe kamar ba su san da zuwan ba, su shigar da kowa a sha kofi da burodi mai zafi. Ba a roƙa, ba a gayyata, ba a kuma yi wa kai. Uban Ejvind an yi masa, kakansa an yi masa, kuma duniya ba abin da Ejvind yake so kamar a ce shi ma an yi masa. Matsalar ita ce shi bai taɓa tashi da asuba don ƙofar kowa ba. Tove ce take zuwa ita kaɗai, ta ce mana maigida yana fama da maƙogwaro.

Saura wata guda sai ga Ejvind ya koyi gaisuwa. Ya fara cire wa masunta hula. Ya tare ni a hanya yana tambayar lafiyar ƙafata, ƙafar da ta warke tun bara. Ya yi wa ƙofarsa sabon fenti, ya ɗauke tukwanen furen da ke gefenta don kada su tare wa masu aiki hanya, ya sa mai gashin burodi ya tanadi wanda zai ishi rabin gari.

Muka taru a rumfar Kaj, ƙanin Tove, inda yake ƙyafe kifi. Yawancinmu muka ce kada kowa ya je, ni ce ma na fi kowa zafi. Kaj ya bari muka gama, sannan ya ce yayarsa ta tsaya cikin sanyi a ƙofar kowannenmu, ba zai yarda ta buɗe taga ta ga titi wayam ba. Ya ce mu dai mu zo da muryoyinmu, aikin ganye a bar masa.

Da asubar ranar titi ya cika, har 'yan kan tudu sun fito. Aka busa ƙaho, muka kama waƙa. Taga ta buɗe tun ba mu gama baitin farko ba. Ga Ejvind cikin rigar barci, gashi ya sha mai an taje shi, yana dafe ƙirji wai mun ba shi mamaki. Ya sauko ya buɗe ƙofa, ya tako waje, ya juya don ya ga bakansa.

Rabi ne. Ganye ya taso daga ƙasa ta hagu, ya hau har tsakiyar saman ƙofa, ya tsaya cak. Ɓangaren dama sabon fenti ne kawai. Rabin baka kuwa kowa ya san na masu shekara goma sha biyu da rabi da aure ne, yaran da ba su gama sanin juna ba.

Ya yi wata 'yar dariya. Ya juyo yana mana bayani, kamar mu baƙin rani ne, cewa an yi kuskure, ai a al'adar garin nan tun zamanin kakanninsa cikakke ake yi wa mai ashirin da biyar.

"Ranka ya daɗe, mun san al'ada," in ji Kaj, hannunsa cikin aljihu. "Ashirin da biyar ɗin muka raba biyu. Wannan na Yaya Tove ne."

"To nawa fa?"

"Waɗanda ka yi wa waƙa a ƙofarsu, su za su kawo maka. Ka ɗan jira, ƙila suna hanya."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariya ciwo. Tove ta fito da rigarta ta zuwa coci, ta dubi ganyen, ta dubi ƙaninta, ta ce kofi zai huce. Muka shiga. Ejvind ya tsaya a ɓangaren da ba ganye yana miƙa hannu, kowa ya gaisa da shi yadda ya kamata, ya wuce wajen burodi. Jawabin da ya shirya a kan tarihin gidansu bai fito ba. Ni kam na ci na ƙoshi, raina fes.

Da hantsi, bayan kowa ya watse, na leƙa ta tagata. Ejvind ne a kan tsani, ya sassaro rassa daga shingen bayan gidansa, yana ɗaura ɗaya rabin da kansa, abin da ko mahaukaci bai taɓa yi ba a garin nan. Bai iya ƙulli ba, in ya ɗaura wannan sai wancan ya faɗo. Tsanin yana rawa a kan duwatsun titi, yana ta ƙwala kira a zo a riƙe masa. Na ce a raina yau dai Tove za ta bar shi ya faɗo.

Tove ta fito tana goge hannu a jikin rigarta. Ta kama ƙafar tsanin da hannu biyu ta riƙe, fuskarta tana kallon ruwa, har ya gama.