Madam Koma-Farko da Kwalbar Bakwaini

Bakwai saura kwata Madam Lucia Elias kan fito daga gidanta a Dogarawa, kular abinci a hannu, ta tari bas zuwa Samaru. Kafin kowa ya iso ɗakin gwaji na cibiyar ƙera na'urorin da take wa aiki, ta buɗe tagogi, ta kunna kwamfutoci, ta zauna gaban babbar cikinsu tana mayar da komai farko.

Ga wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take. Kowace na'ura mai ƙwaƙwalwa tana da ɗan shirin da ke tashinta idan wuta ta shigo, masu aikin suna ce masa butloda. Kafin a zuba shi a na'urar gaske, ana gwada shi a kwamfutar da ke kwaikwayon na'urar. Matsalar ita ce, abin da gwajin farko ya kunna, na biyu zai tarar da shi a kunne, kamar mai girkin da ya iske an hura masa murhu, ya ɗauka shi ma ya iya hura wuta. Shi ya sa bayan kowane gwaji Madam Lucia ke adana halin da na'urar ta tsaya, ta sa masa lamba da kwanan wata da sunan mai gwajin, sannan ta dawo da halin sanyi, na na'urar da ba a taɓa kunnawa ba. Minti ashirin abin ke ci. Ɗalibai suka laƙaba mata Madam Koma-Farko, ba kuma don ƙauna ba. Amma da aka sace wa wata ɗaliba, Christabel, kwamfutarta ana saura mako biyu ta kare aikinta, wajen Koma-Farkon ta zo da kuka, ta tarar da gwajinta na wata shida a jere, ko ɗaya bai ɓata ba.

Jumma'ar da ta wuce Madam Lucia ta ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar. Akwai mutum ɗaya a cibiyar da ƙaratowar ranar ta hana shi sakat, wato Dokta Ejiofor. A fayil ɗinta akwai takardar gargaɗi mai shekara tara, ya kuma san sunansa ya kamata a rubuta a kanta. In ta tafi da ita, ta tafi ke nan.

Ejiofor ɗan Sabon Gari ne, a Chikaji aka haife shi. Cocinsu ɗaya da Lucia, ita ta koya masa karatun Lahadi, ta sha share masa majina da bakin zanenta. A unguwa Mama yake ce mata. Da ya dawo da digirin dokta ya zama shugabanta, sai ta koma Madam, ita kuma ta koma ce masa Dokta ba tare da ta ɗaga gira ba.

Shekara tara da suka wuce, kwalbar bakwaini yake ƙerawa, mai araha, wadda za ta riƙe wa jariri ɗumi, kuma wani ƙaramin asibiti a Jama'a na jiran ta farko. Lokaci ya ƙure masa. Da ta fita cin abinci sai ya ce wa ɗalibai su daina ɓata minti ashirin, su jera gwajin kawai. Sau arba'in suka gwada, sau arba'in butlodar ta tashi lafiya. Da Lucia ta dawo ta adana bayanin gwaji arba'in ɗin da sunansa, sannan ta gwada daga sanyi, sau uku ta tashi, na huɗu ta maƙale. Ta bi shi bakin ƙofa ta faɗa masa a hankali, don kada yara su ji. Shi kuwa ya juyo ya ɗaga murya, don su ji. Ya ce arba'in ta fi ɗaya ko a makarantar firamare, kuma wanda aikinsa goge tebur da danna maɓalli bai kamata ya koya wa injiniya aiki ba. Wani ɗalibi ya yi dariya. Har yau Ejiofor yana jin dariyar nan.

Ta ƙi sa hannu a takardar fita, wadda za ta ba da damar kai kwalbar asibiti. Ya ce to ta rubuta "an gwada" kawai, tunda ai an gwada. Ta rubuta, ta kuma kira sistar asibitin ta roƙe ta kada a bar kwalbar ba mai tsaro idan an ɗauke wuta.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka, da azahar, aka ɗauke wuta a Jama'a. Aka tayar da janareta, fitilu suka dawo, kwalbar ba ta dawo ba. A ciki akwai 'yar Nneoma, wata mai ɗinki, jaririyar da ba ta kai nauyin mudun gari ba. Sistar na tsaye a wurin saboda kiran nan. Ta ciro yarinyar ta ɗora a ƙirjin uwar, aka lulluɓe su. Da ba ta tsaya ba, Allah kaɗai ya san sauran.

A yammacin ranar Lucia ta jera halin da ta adana, ta gwada na sanyi da na bayan gwaji, ta nuna wa Ejiofor wurin da shirinsa ke dogara da agogon da gwajin baya ya bari a kunne. Layi uku ya gyara. Da kwamitin bincike ya zauna, aka ga rubutun hannunta a takardar fita, aka tambaye ta ko tana da abin cewa. Ta ce ɗakinta ne, kuma daga ɗakinta na'urar ta fita. Aka juya ga Dokta. Ya gyara zaman tabaransa, ya ce shi ya dogara ne da rahoton ɗakin gwaji.

Takardar gargaɗi ta shiga fayil ɗinta. Sau biyu ana ƙarin girma ana tsallake ta. Shi kuwa kwalbarsa ta yi suna, ya zama abin kira a taro. Ya canza lokacin zuwa coci don kada su haɗu a ƙofa. Idan mahaifiyarsa ta ce ya gaida Mama Lucia, sai abinci ya fita ransa. Kunya ce ta gaske, irin mai hana mutum kallon wanda ya yi masa alheri, amma shekara tara ba ta kai ta buɗe masa baki ba.

Ranar bankwana an jera kujeru da lemo, an yi jawabai irin na ko'ina. Da aka ba Ejiofor lasifika ya ninke takardar da ya rubuto. Ya faɗi komai gaban darakta da ɗalibai, har maganar goge tebur. Ya ce ya riga ya kai wa ofis bayani a rubuce da safe. Sannan ya sauko, ya durƙusa gabanta da kwat ɗinsa.

"Mama, ki yafe mini. Ni ne. Ba ki da shaida, ni kuma na yi shiru."

Ta dube shi. "Wa ya ce maka ban da shaida? Lamba ɗari huɗu da sha biyu zuwa ɗari huɗu da hamsin da ɗaya. Sunanka na kai, da ranar, da lokacin. Ba abin da nake gogewa, ɗana, kai ma ka sani."

Ya tambaye ta me ya hana ta nuna.

"Da na nuna, da sun kore ka sun rufe aikin. Wa zai ƙera sauran kwalaben? Tashi, kana ɓata wandonka."

Madam Lucia, ke ce wadda aka zaga gaban yaran da kike koyarwa, washegari kika buɗe tagogi kafin kowa ya zo. Ke ce kika riƙe abin da zai wanke ki cikin minti biyar, kika bar shi a faifai shekara tara. Yau kwalabe goma sha huɗu ke aiki tsakanin Sabon Gari da ƙauyukan kewaye, ba sunanki a jikin ko ɗaya. An cire takardar daga fayil ɗinki ranar da kika tafi, amma matsayin da kika zauna a kai shi kika ajiye aiki da shi, ba wanda zai iya dawo miki da shekarun nan. Mun gode, kuma da kunya muke faɗa, don da yawa cikinmu mun yi dariyar sunan nan.

Masu gaggawa a kowace sana'a, ku ba wa irinta minti ashirin ɗinsu, kuma kada ku jira ranar lemo da kujeru kafin ku faɗi gaskiya a kansu. 'Yar Nneoma tana aji huɗu yanzu. Duk Lahadi takan wuce Madam Lucia a ƙofar coci, ta gaishe ta kamar yadda take gaida kowace tsohuwa, ta ruga wajen ƙawayenta.