Injin Akori-Kurar Balarabe

Shekara ashirin da shida Balarabe ya yi yana tuƙa akori-kura tsakanin Tudun Wada da kasuwannin ƙauye. Masara, shinkafa, rake, wani lokacin kifin Tiga a kwanduna, babu abin da bai ɗauka ba. Mutum ne marar yawan magana, in ya ce zai zo da hantsi, da hantsin za a gan shi. Yanar ido ce ta sauke shi daga mota. Ranar da ya fara ganin mai babur kamar inuwa, ya kawo motar ƙofar gida ya kafe ta a gindin darbejiya.

Damina biyu ta yi a nan. Bodin ya ci tsatsa, kaji suka mai da gidan gaba wurin saka ƙwai, amma injin yana nan da ransa, don duk Juma'a sai ya tayar da shi. Da likita ya ce aikin idon ba zai ƙara jira ba, Balarabe ya sa injin a kasuwa.

Wanda ya zo saye wani magidanci ne daga Doguwa, Munir, mai jigilar masara da dankali, wanda injin motarsa ya buga ana dab da kaka. Aka tayar masa, ya kasa kunne, ya zaga baya ya duba hayaƙi.

"Baba, akwai wata matsala da ya kamata in sani?"

"Yana ɗan shan ruwa," in ji Balarabe. "Ka riƙa duba lagireto."

Gaskiya ya faɗa, sai dai bai faɗe ta duka ba. Shekara huɗu baya kan injin ya taɓa tsagewa, aka yi masa walda. Tun daga nan bai sake ba shi wahala ba, amma shi ya san yadda yake lallaɓa shi: ba ya cika masa kaya, kuma hanyoyinsa ba su da hawa. Maganar ta zo masa har baki. Ya tuna ranar da aka sa masa a asibiti, ya haɗiye ta.

Aka yi aiki, ido ya buɗe. Sati uku bayan haka Munir ya kira shi a waya. Injin ya mutu a wani hawa bayan an wuce Falgore, ruwa ya gauraye da baƙin mai, ga masarar mutane cike da mota. Bai yi faɗa ba. "Na ce dai bari in sanar da kai, Baba," ya ce, ya kashe waya.

A majalisar ƙofar gida kowa ya goyi bayan Balarabe. Suka ce ciniki ya riga ya faɗa, mutum ya gwada da kansa ya yarda, kuma wa ke ba da tabbaci a kan tsohon inji? Ya yi ta gyaɗa kai. Ba wanda ya san zancen waldar a cikinsu.

Matarsa Shamsiyya ce ta lura kwana biyu ana ɗauke kwanon tuwonsa kusan yadda aka ajiye. Da ta matsa, ya gaya mata.

"Malam, da ka faɗa masa, zai saya?"

"Wataƙila ya saya a kan rangwame. Wataƙila ya fasa."

"To ka ga zaɓin nan ka hana shi," ta ce, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Washegari ya hau babur zuwa Kafin Maiyaƙi, wurin Abdulmumini bakanike, tsohon abokinsa wanda da hannunsa ya yi waccan waldar. Kuɗin injin ya riga ya tafi asibiti, ba abin da zai mayar. Amma akwai giyabos da tayoyi huɗu masu ƙwari a jikin motar, waɗanda ya ci burin sayarwa ya ja jarin hatsi da su. Abdulmumini ya yi kwana uku yana cigiya, ya samo wanda zai karɓe su ya ba da lafiyayyen kan inji.

Suka ɗaure shi a buhu suka shiga motar Doguwa. A garejin da aka ja motar Munir, a gaban makanikai da masu jiran gyara, Balarabe ya ce, "Ɗana, wurin nan da ya tsage tsohuwar walda ce. Na sani lokacin da ka tambaye ni, ban faɗa maka ba."

Munir ya dubi kan injin da ke cikin buhu. Sa'annan ya ce, "Da ka faɗa mini, Baba, da ban loda masa haka ba. Ga kaka tana wuce ni ina zaune. Masu kayan duk sun koma wurin wasu."

Balarabe bai kare kansa ba. Ya nemi gafara, ya naɗe hannun riga ya tsuguna kusa da Abdulmumini yana miƙa masa sufana. Yini biyu suka yi a kan aikin. Da injin ya tashi, Balarabe ya zauna da Munir ya karanta masa halin injin duka, har ƙananan abubuwan da ba a tambaye shi ba. Munir ya kai su tasha da kansa, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma bai tsaya sun yi doguwar sallama ba.

Jarin hatsin bai samu ba. Yanzu Balarabe noman rani yake yi a wata 'yar gona da ƙaninsa ya ara masa a bakin ruwa, tumatir da albasa. Munir kan bi ta Tudun Wada ranar kasuwa. Wani lokacin yakan danna masa hon in ya hango shi a bakin titi, wani lokacin ya wuce kawai. Balarabe bai taɓa tambayarsa dalili ba, hannu yake ɗaga masa ko ya danna ko bai danna ba.