Tambayar da Na Ɓata a Gurda

Aikin da aka ba ni a garin Sabha na Libiya ba wuya a baki: in bi unguwanni da waya, in tambayi Hausawa inda suke zaune, in sa ɗigo a taswira. Malamar da ta ɗauke ni so take ta ga yadda mazauninmu ke sauyawa shekara bayan shekara. Ni na tsara tambayar, kuma ni na ɓata ta, don cewa na yi, "Ina gida?"

Kwana uku ina yawo a unguwar Mahdiya, na dawo babu ɗigo ko ɗaya a Libiya. Wannan ya ce Damagaram, wancan Maraɗi, har mutumin da na iske yana shara a ƙofar ɗakinsa. Malama ta tambaya ko wayar ce ta lalace. Kunya ta kama ni, don ni ma da za a tambaye ni, Katsina zan ce.

A unguwar Gurda na haɗu da wani dattijo magini, wanda ya zo da baƙin gashi ya yi furfura a nan. Na nuna masa hoton unguwar daga sama, ina ja da yatsa tsofaffin hotuna na fitowa. Bai taɓa riƙe irin wayar ba, amma duk rufin da ya fito ya san shi. Wannan shi ya zuba masa siminti, wancan maigidan rigimamme ne. Duk da haka ya ce wucewa yake yi, gida Tasawa, a can zan sa masa ɗigonsa.

Na buɗo masa Tasawa. Ya nemi tsamiyar ƙofar gidansu, babu. Ya ce in juya wayar, na juya. Ya bi wani layi da yatsa, ya dawo, ya bi wani. Na koma hoto mafi tsufa, nan ma bai gane komai ba. Tausayinsa ya kama ni, kaina kuma ya ɗaure: aikina ɗigo ne, ga shi babu wurin sa shi.

Na ce, "Baba, ko mu bari sai gobe?"

Ya miƙo mini wayar, ya kakkaɓe hannunsa a jikin wando.

"Sa shi nan Gurda, ɗana. Amma kada ka rubuta gida."