Rariyar Baba Nomau

Ranar da aka fara tonon aya a gonar Baba Nomau, a kakar shekarar da tsutsa ta cinye mana hatsi, ina aji uku a lakol, makarantar bokon ƙauyenmu, kusa da Cadawa. Mahaifinmu ya rasu da bazara, rumbu ko rabi bai kai ba, kawuna kuma ya yanke magana: in abinci bai kai mu damina ba, za a cire ni daga lakol a kai ni Maraɗi aikatau. Inna sai ta ɗauki ƙwarya ta ja ni muka bi mata masu zuwa kala.

Aikin aya, ana ƙone ganyen ne, a tone ƙasa, a tankaɗe ta a rariya. Abin da ya zube cikin rairayi shi ne rabon masu kala. A sauran gonaki sai mutum ya wuni a durƙushe bai rufe gindin ƙwarya ba. A gonar Baba Nomau kuwa, kafin la'asar ƙwarya ta cika. Tsoho ne mai faɗan tsiya, gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa, kuma duk gari dariya ake yi masa, wai rowa ta hana shi sake rariya, ramukanta har yatsa ke shiga.

Ni da shegen baki, na je na tsaya a gabansa. "Baba, rariyarka ta yage, aya na zuba." Ya harare ni. "Ke aka ba tsaronta? Wuce ki yi abin da ya kawo ki!" Na dawo ina ƙunƙuni na faɗa wa Inna. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Yana da sabuwa rataye a zaure," in ji ta. "Kada ki ƙara."

Ayar nan Inna ta riƙa kaiwa kasuwa tana dawowa da hatsi, har ruwa ya sauka. Maganar Maraɗi ta mutu. Ba mu taɓa yi wa Baba Nomau godiya ba, don da mun yi, da ya kore mu.

Yanzu tsada ta sa kowa na tankaɗe ƙasarsa ya sake tankaɗewa, ban kuma ga laifinsu ba. Tallafi yana zuwa, yana ceton gidaje, amma sai an kira sunanka a gaban jama'a ka amsa. Ina kewar tsohon nan. Ya yarda gari ya yi masa dariya don kada Inna ta sunkuyar da kai.