Tafiyar Lawali Tela Zuwa Koma Bangou

Lawali tela ne a unguwar Kalley, mutumin Tahoua, shagonsa na jikin namu. Bakinsa ya fi kekensa aiki. A shekarar fari ta tamanin da huɗu, da mutane ke layin dawar agaji gaban sojoji, ba mai kawo ɗinki. Sai labari ya bazu cewa an ga zinariya a Koma Bangou, can wajen Téra.

"Na san hanyar nan kamar tsakar gidanmu," in ji Lawali, wanda bai taɓa wuce gadar Kennedy ba.

Ya sayar da keken, ya sayi jaki da amalanke, wai mota ta ragwaye ce. Ya ɗora kujerarsa, da wani ƙaton akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu na zuba zinariya.

Matarsa Halimatou ta ce, "Malam, ka ƙara jarkar ruwa mana."

"Kogi na gefenmu, ruwan me zan ɗauka?"

Mutum biyu suka yarda suka bi shi, Isa mai wanki da Abdou mahauci. Har Farié lafiya lau, suka haye kogin da bak, wato jirgin fito. Bayan Gothèye hanya ta rabu da kogi. Rijiyoyi sun ƙafe, gawawwakin shanu ko'ina, ayarin mutane a ƙasa kowa na ta kansa. Lawali ya jefar da kujera. Kwana na uku jakin ya durƙusa bai sake tashi ba. Isa ya zage Lawali tas ya juya gida. Abdou ya maƙale a bayan wani kamiyo, babbar motar kaya, ko sallama bai yi ba. Lawali ya kinkimi akwatin a ka har ya isa, leɓɓansa duk sun tsage.

Da ya leƙa ramin farko, ya ga ana zura mutum da igiya har fitilarsa ta ɓace, sai ya tuna yana da ciwon baya. Shekara biyu ya yi a bakin ramuka yana ɗinke wa mahaƙa buhunan duwatsu da basilla. Akwatin ya zama wurin zamansa.

Ya dawo a motar awaki, da tari da rama. Ya tarar Halimatou ta kafa sana'ar kopto, wato kwaɗon zogale, a ƙofar gida, yaransu sun yi ɓul-ɓul. Ya gyara murya zai fara ba da labari, ta tura masa kwano.

"Wanke hannu tukuna, Malam. In ka gama, akwai zogalen da za a tsinke."