Ƙanƙara Mai Ƙarnin Kifi

Shekaranjiya ɗiyata ta turo min hotunan injinan ƙanƙara ta waya, wai in zaɓa mata, za ta buɗe wurin abinci. Ga mai zubo 'yan ƙanana kamar ƙwayar sukari, ga mai niƙe ta kamar tsaki, ga wani ɗan mitsitsi na ɗorawa kan tebur. Na ce mata kafin ki dubi inji, fara duban maƙwabtanki da dangin mijinki. Ta turo min hoton dariya. Ni kuwa da gaske nake.

Zamanin farar hula na jamhuriya ta biyu aka mayar da maigidana Boɗinga. Malamin asibiti ne. Ni kuma 'yar cikin birnin Sakkwato ce, ƙuruciya na ɗibata, ban iya zama haka nan ba. Sai na buɗe ɗan gidan abinci a shagon da ke jikin gidanmu, ba nisa da sakatariya. Tuwo, shinkafa da miya, fura da rana. Matan da na tarar suna sana'ar sun fi ni hannu nesa ba kusa ba, wannan na sani. Abu guda zan iya fin su da shi, ruwan sanyi.

Muka shiga birni ni da maigida neman abin yin ƙanƙara. Mai shagon ya nuna mana iri uku. Na farko irin na manyan otal ne, mai zubo ƙanana da kansa, amma sai an jona masa famfo mai zuwa kullum. Mu kuwa ruwanmu na rijiya ne, 'yan ga-ruwa ke kawowa. Na biyu firjin kananzir, ba ruwansa da lantarki, sai dai wurin ƙanƙararsa bai fi tafin hannu biyu ba, kuma in lagwani ya karkace ya dinga hayaƙi ke nan. Na uku firiza, doguwa, fara, mai murfi ta sama kamar adudun amarya. Ni hankalina ya ɗan karkata ga na kananzir. Maigida ya ce haba, hanyar da ta bi ta ƙofarmu ita ta nufi garin shugaban ƙasa, wa zai ɗauke wuta a nan? A lokacin kowa haka yake cewa, daga Boɗinga har Shagari. Muka ɗauki firiza.

Da yamma in cika bokitai da manyan gwangwanayen madara in jera. Da safe in juye, in fasa da taɓarya, in zuba a randar shago. Cikin ɗan lokaci bencina ya cika. Malaman makaranta, ma'aikatan sakatariya, direbobi. Akwai wani hedimasta, dattijo mai barkwanci, shi kullum kafin ya ce a zuba masa tuwo sai ya shanye moɗa guda, ya ajiye, ya ce, "Alhamdu lillahi, yanzu nid dawo hayyacina."

Abin da ban yi tunani ba shi ne, duk unguwar ni kaɗai ke da firiza.

Maƙwabciyata ta fara, da ragowar nama a kwano, wai zuwa gobe. Na karɓa. Wata ta kawo markaɗe. Wata nono. Mai naman bakin tasha ma in kasuwa ta yi masa kwantai sai ya turo. Wa za ki ce wa a'a, alhali su suka yi miki shara da wanke-wanke ranar da kika tare?

Daga nan labari ya kai Shagari, garin su maigida. Ran nan sai ga ƙaninsa ya sauko daga mota da kwando a kai, ɗanyen kifi har yana motsi.

"Matata, ga saƙon Inna. Ta ce a aje mata cikin sanyi."

"Wa ac matarka? Kai da ko keke ba ka da?"

"Keke mi? Ke dai riƙe kihi. Ranar da nig gaje ki, da hirizar zan haɗa."

Inna ita ce uwar mijina. Matar da ko abinci ban iya ci gabanta, ko ido ban ɗagawa in muna gaisawa. Na karɓi kifi hannu biyu. Da zai koma na naɗe masa ƙaton dunƙulen ƙanƙara cikin buhu da ƙaiƙayi, ya kai mata. Shi ke nan abin ya zama al'ada. Duk ranar kasuwa kifi ya zo, ƙanƙara ta tafi. Kifin ya kwana biyu wurina, wani a ce in dafa mana, wani a aiko a karɓa.

Muddin wuta na nan, ba matsala. Sai sojoji suka karɓi mulki, zamani ya juya. Sabulu sai an bi layi, madara da sukari sai wane da wane, albashi ya riƙa makara. Wutar da aka ce ba mai taɓa ta, sai ta tafi tun hantsi ba a gan ta ba sai gobe. In ta tafi, kifi ya saki, nama ya saki, ruwansu ya tsiyaya cikin bokitaina. In ta dawo, duk su daskare tare.

Hedimasta ne ya fara magana. Ya kai moɗa baki, ya tsaya, ya leƙa ciki.

"Uwar gida, wanga ruwa daga gulbi anka ɗebo shi?"

"Na rijiya na, ranka shi daɗe."

"To rijiyar akwai tarwaɗa ciki. A ba ni ƙugiya in gwada sa'ata."

Shago ya kwashe da dariya, har da ni. Amma ban ji daɗi ba, don na ga bai shanye ba. Kuma a wannan lokacin mutum bai fita cin abinci a waje sai da dalili, ni kuwa ruwan sanyin nan shi kaɗai ne dalilin zuwa wurina. Sannu a hankali benci ya fara yin fili. Ba wanda ya yi min faɗa. Sai dai in hango su sun wuce wurin matar da ta fi ni iya miya, su ɗago min hannu daga nesa. Hedimasta ma ya koma zuwa jefi-jefi, in ya zo kuma ya ce a ba shi na tulu.

Ba abin da ban gwada ba. Na rufe bokitai da faranti. Na wanke firiza da toka da lemun tsami. Wata ta ce in sa gawayi, na sa. Ƙarni dai na nan, har a fura ana jin sa.

Na ce wa maigida ya yi wa Inna magana. Ya ce, "Ni? In ce ma Inna ta bar aiko kihi gidana? Ke dai hwaɗa mata, ku mata kun san yadda kuka yi." Na ce kai da ta haifa ka kasa, sai ni? Muka bar maganar a nan. Na fara tunanin rufe shagon.

Ana haka firizar ta fara wani gurnani, muka kira mai gyara daga birni. Yana aiki yana ba ni labari, wai tunda sabon kaya ya daina shigowa, shi da kansa yake harhaɗa injin ƙanƙara da tsofaffin kayan firji. Tanki ne cike da ruwan gishiri, a saman an yi ramuka, kowane rami a zura dogon gwangwani mai ruwan sha. Ruwan gishirin ke ɗaukar sanyi ya daskarar da na gwangwanin, kuma ko an ɗauke wuta yakan daɗe bai huce ba. Ya ce sai dai mummuna ne, ga ƙara, ga cin gishiri.

Na ce, "Ana iya sa kihi ciki?"

Ya ce, "Ina? Babu wuri, sai gwangwani."

"Nama hwa? Ko ɗan kwano?"

"Hajiya, ko ludayi ba shi shiga."

Na ce shi nake so. Keken ɗinkin da aka kawo ni da shi na sayar na yi oda.

Da injin ya iso, muka tura firiza zaure, na ce ta zama ta kowa, mai ajiya ya ajiye. Inji kuma ya zauna a shago. Ƙanƙarar farko da na zaro doguwa ce kamar bulo, garau, kana ganin hannunka ta ciki. Na lasa. Ruwa kawai.

Fargabata guda, kar Inna ta ji an fitar da kifinta zaure ta ce na wulaƙanta ta. Ba a yi sati biyu ba kuwa sai ga ta, ta zo duba jikanta. Bayan an gaisa ta ce a nuna mata sabon abin da ake faɗi. Na kai ta shago. Ta ɗaga murfi, ta tsoma yatsa, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Ɗiyata, wanga ba a aje komi cikinai?"

"A'a Inna, sai ruwa."

Ta mayar da murfin. Na duƙar da kai ina jiran abin da zai biyo.

Sai ta ce, "To madalla. Ashe ko ni zan sha ruwan sanyi bana. Tun bara in kin aiko, tumaki nika zuba ma. Ƙarni ba shi bari."

Na ce, "Inna, ai kihin na ka jawo shi."

"Na sani mana. Mu da munka tashi da bandar kihi, mi za mu yi da sanyi? Na ga kina ta aiko ƙanƙara, nic ce in na bar aiko kihi sai ki ce na raina kayanki."

Ban san sanda dariya ta kuɓuce min ba, karo na farko a gabanta. Ita ma ta rufe baki da gefen mayafi. Na fasa bulo guda na zuba mata a kwanon sha, ta juya min baya kamar yadda aka saba, ta shanye.

Daga ranar kifi in zai zo, bandararre yake zuwa, don miya. Benci bai koma cika kamar da ba, zamanin bai bari ba, amma ya riƙe mu ban rufe shago ba. Hedimasta shi ya fara dawowa. Ya karɓi moɗa, ya sunsuna, ya leƙa ciki, ya ce, "Af, an kame tarwaɗar?" Sannan ya shanye, ya miƙo a ƙara.