Hannun Cin Abinci

A da, kullum da safe, kafin masu shago su buɗe, za ka ga Malam Birki a filin ƙwallo yana jera tsofaffin tayoyi. Nan ce makarantarsa ta koyon tuƙi. Motar ba ta da birki ta gefensa, amma da ɗalibi ya yi kuskure sai Malam ya danna ƙafa da ƙarfi, har ya huda shimfiɗar ƙasan motar. Da haka ya samu sunan.

Gwaggona ta je wurinsa ne bayan idon mijinta ya daina gani, ga asibiti duk mako, ba mai kai shi. Ribas ta iya, tashi a kan hawa ta iya, amma da an ce "dama" sai kanta ya ɗaure. Malam ya ɗauko dabararsa da ba ta taɓa ba shi kunya ba.

"Hajiya, manta da dama. In na ce hannun cin abinci, ki karya can."

Ya faɗa. Gwaggo ta karya hagu, ta kwashe tayoyi, ta nufi wani mai lemo da ke bakin filin.

"Hajiya! Da wane hannu kike cin abinci?"

"Malam, ni fa bahaguwa ce. Ba dukan da ban sha ba. A gaban mutane kawai nake ci da dama."

Da wani ne da ya sallame ta. Shi kuwa ya gama salati, ya ba mai lemo haƙuri, ya kwance agogonsa ya ɗaura mata a hannun dama. Ranar gwaji jami'i yana cewa "dama", ita tana cewa "agogo" a ranta. Ta ci. Washegari ita ta tuƙa mijinta zuwa asibiti, ina baya ina share hawaye.

Malam, kai ne ka hau mota da matsorata da masu ganganci, ba ka taɓa zagin ko ɗaya ba. Yanzu gwiwa ta ce ka huta, birkin da babu shi ya cinye ta. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Agogonka ya daɗe da tsayawa, amma Gwaggo ba ta kunna mota sai da shi.

Ku kuma masu koyarwa, ku yi koyi da shi. Kafin ku daka wa ɗalibi tsawa, ku fara tambayarsa da wane hannu yake ci.